Kalmar Sirrin Alhaji Sabi'u

Kafin in lalace, ni mai gyaran kwamfuta ne a wani ɗan shago kusa da sinimar Roxy, a unguwar Adjamé. Bakina ya iya Faransanci, shi ya sa 'yan kasuwarmu suka sakankance da ni. Cikinsu har da Alhaji Sabi'u, dattijo mai shigo da atamfa, wanda bai yi boko ba.

Kamfanin da ke karɓar takardun fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ya daina yarda da sa hannun biro. Kowane ɗan kasuwa sai ya tura shaidarsa ta kwamfuta, wadda ke cikin wani ɗan makulli mai tsawon yatsa. Ni nake tura wa Alhaji tasa, shi kuma ya danna kalmar sirri da kansa. Da bakina na gargaɗe shi: "Baba, in aka yi kuskure sau uku, makullin ya mutu."

Da farko labarin kwantenoni kawai nake tsegunta wa wasu 'yan daba na unguwar Bromakoté, su ba ni na shayi. Sai ogansu, Drissa, ya ce za su fitar da haramtaccen kaya da sunan Alhaji. Na sace makullin. Saura kalmar.

Wata Talata da hantsi muka ritsa shi a sitonsa na unguwar Treichville. Na zauna gaban kwamfuta, su suka danne shi. Drissa ya ɗora hannun dattijon na dama a kan benci, ya sauke masa guduma. Alhaji ya faɗi wata kalma, na buga, ta ƙi. Guduma ta biyu, jini har kan rigata. Ya faɗi wata, ita ma ta ƙi.

Na ce, "Baba, don girman Allah faɗi ta gaskiya, saura ɗaya."

Ya dube ni ya ce, "Na sani, ai kai ka koya min."

Ya sake faɗin ta ƙarya, makullin ya mutu. Suka ragargaza sauran yatsun, ni kuwa ko motsi ban yi ba. Wallahi har yau ina ƙyamar kaina saboda wannan zaman. Ihunsa ya jawo leburori, aka kama mu, na yi shekara shida a kurkuku.

Da na fito na tuba, na je gidansa a unguwar Belleville neman gafara. Ya ce ya yafe, ya sa aka kawo abinci muka ci tare.

Samari, duk wanda ya ba ku amanar abin da bai iya karantawa ba, kada ku sayar da ko harafi ɗaya, nan ni ma na fara. Ni an yafe min, amma ran nan ina kallo dattijon ya yi bismillah, ya sa hannun hagu a kwano.