Ranar Haihuwar Mai Sunan Malam

Ƙanena ya tafi ƙasar Holan a shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Shi karatun ruwa da noman rani ne ya kai shi. Ni kuma, da furfurata, ina zama kan bencin 'yan firamare bayan la'asar, gwiwoyina suna tokarar tebur. Ƙauyenmu yana gefen Toranke, a ƙasar Ajingi. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, mu biyu ne maza da suka rage wa Inna.

Da yake ban iya karanta saƙo ba a lokacin, murya yake turo mini ta waya. Nakan saurara a gona, in na zauna hutawa a gindin tsamiya.

"Yaya, a nan ba a zama gari haka kawai," in ji shi. "Sai ka je ofishin hukumar gari an rubuta ɗakin da kake kwana, sannan su ba ka wata lamba. In babu lambar nan babu aiki, babu banki, likita ma bai san da kai ba."

Ya ce ko maƙwabcinka za ka ziyarta sai kun sa rana. Shara iri-iri ce, kowace da mazubinta da ranar kwasarta. Ya sayi tsohon keke, domin kowa keke yake hawa, har tsofaffi. Gidajen manyan tagogi gare su kuma ba labule, kana wucewa kana ganin mutane suna cin abinci, babu mai ɗagowa ya dube ka. Akwai wata hanya da yake bi, ruwa yana sama da ita, yana tuƙa kekensa jirgin ruwa na wucewa ta saman kansa. Ya ce shirun unguwarsu har a kunne yake jin sa.

Amma abin da ya fi takura masa shi ne suna. Sunan kakanmu na wajen uba aka sa masa, saboda haka a gidanmu babu mai faɗin sunan. Mu laƙabi muke kiransa da shi. Inna kuwa, tunda sunan surukinta ne, sai dai ta ce "mai sunan Malam". A can kuwa sunan yankan kawai suka sani. Wasiƙu suna faɗowa ta wata 'yar kafa a jikin ƙofa ɗauke da shi. A ofis a ɗaga murya a kira shi gatsal.

"Wallahi Yaya, sai in waiga in ga wa ake kira."

A gidan wata tsohuwa ya kama ɗaki. Al'adarsu ce a rataye kalanda a banɗaki, a rubuta ranar haihuwar 'yan'uwa da abokai don kada a manta. Wata rana ya shiga ya tarar da sunan kakanmu a jiki, da rubutun tsohuwar. Ya roƙe ta ta goge, ya ce sunan Annabi ne, ba ya shiga wurin nan. Ta ba shi haƙuri ta goge, ta bar harafin farko kawai. Mun yi dariya a kan wannan, ni da shi.

Ranar da ke kan kalandar ta zo a tsakiyar zafi. Bayan azahar ne, Inna tana rumfa tana ɓarar gyaɗar iri, sai ga kiransa na hoto. Na ɗauka na ga ƙanena, a gefensa ga tsohuwar mai gidan, fara tas, riƙe da faranti, tana murmushi tana ɗaga hannu.

"Yaya, kai wa Inna wayar. A nan ba wanda aka haifa kaɗai ake wa barka ba, har uwarsa. Ta nace sai ta yi mata."

Na tsuguna na riƙe wa Inna wayar. Tsohuwar ta yi magana da yarensu.

"Inna, wai barka take miki da ranar da kika haife ni."

"Yau?" in ji Inna.

"Yau ɗin nan."

Inna ta ɗaga kai ta dubi kukar bayan gida, wadda ko ganye ɗaya babu a jikinta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "A ce mata na gode." Ta miƙe ta shige ɗaki, ta bar gyaɗar a buɗe kaji suna ci. Ba ta fito ba sai da aka kira magariba. Na ɗauka kunya ce irin tasu ta manya, ban ƙara tunani a kai ba.

Shekara biyu bayan haka ya gama karatu, ya sami aiki a wani gari, ya fara shirin ɗauke matarsa da 'ya'yansa biyu. Ofishin hukumar sabon garin suka ce sai ya kawo shaidar haihuwa daga gida. Suka ba shi wa'adi. In bai kawo ba, ba za su kammala rubuta shi ba, kuma maganar zuwan iyalinsa ta tsaya.

"Akwai tsohon kati a wajen Inna," ya ce. "Ka ɗauka ka je kotu a Gaya. Babba a gida shi zai yi rantsuwar shekaru, kai ne kuwa babba. Daga nan a kai Kano da Abuja a buga hatimi."

A lokacin na kai ina haɗa baƙi. Ina karanta allon bakin hanya da rubutun jikin buhun taki, a hankali dai, ina bi da yatsa. Na ji daɗi a raina da aka ce ni zan sa hannu.

Da hantsi na shiga ɗakin Inna na roƙe ta katin. Ta buɗe adaka, ta ɗauko wani tsohon gwangwanin alawa, ta miƙo mini, ta fita tsakar gida.

Katin ya yi ja saboda tsufa, an ninke shi gida huɗu. Na matsa bakin ƙofa inda haske yake. Layin farko suna ne. Na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda malaminmu ya koya mana, ban ankara ba sai na ji sunan ya fito daga bakina. Ban taɓa faɗinsa ba tunda nake, kuma ga shi na faɗe shi a cikin ɗakin Inna. Na yi tsit ina sauraro. Ban san me nake jira ba, amma tsigar jikina ta tashi kamar za a amsa daga bayan gado.

A ƙasan sunan akwai kalmar da na fi sani a duk boko: Gaya. Sai lambobi gida uku. Malaminmu ya ce mana ta tsakiya ita ce wata. Uku na gani, watan zafi ke nan.

Na zauna a bakin gadon. Ina da kamar shekara goma aka haifi ƙanena, kuma ban manta ba. A ɗakin nan aka haife shi, ba a Gaya ba. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, gero ya fara fitar da kai. Ranar suna a zaure aka ɗaure ragon saboda ruwa. Ina cikin wannan tunani sai wani abu ya dawo mini wanda na daɗe da mantawa: mahaifinmu yana fita daga gida da wani ɗan abu a naɗe da farin ƙyalle a kan hannuwansa biyu, maza kaɗan suna biye da shi, babu makara, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa.

Na fito na sami Inna tana tankaɗe.

"Inna, katin nan na wane ne?"

"Na mai sunan Malam."

"Wanne?"

Hannunta ya tsaya a kan rariya. Ba ta dube ni ba.

"Ashe karatun naka har ya kai nan," ta ce.

A hankali ta ba ni labarin, tana yi tana tsayawa. Ashe su biyu aka sa wa sunan. Na farin, naƙudarsa ta yi tsanani, aka kai ta asibiti a Gaya, can aka ba da kati. Bai cika wata biyu ba ya koma. Da daminar shekara mai zuwa ta haifi wani namijin a gida, mahaifinmu ya mayar masa da sunan. Da ya isa shiga makaranta hedimasta ya nemi takarda, sai mahaifinmu ya ɗauki katin ya kai.

"Cewa ya yi suna ɗaya, uwa ɗaya, uba ɗaya, takarda ai takarda ce. Ni kuma me zan ce? Bakina ba ya iya rabe su da suna."

Na koma gona na kira ƙanena. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ina jin ƙararrawar keke can nesa a wajensa.

"Yaya, fasfo ɗina, takardun makaranta, takardar aure, duk ranar nan ce a jiki. In ka rantse da wata rana daban, mutanen nan ba za su ce kuskure aka yi ba. Cewa za su yi mutum biyu ne."

"To ai mutum biyun ne."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba.

"Shi ya sa," ya ce. "Tun da na zo ƙasar nan, duk wasiƙar da ta faɗo ta ƙofa sai in ji kamar ta wani nake buɗewa." Sannan ya ce, "Ba zan tilasta maka ba. Kai za ka ɗaga hannu, ba ni ba."

Kwana uku ina jujjuya maganar. Matarsa tana gidanmu a lokacin, ta riga ta ɗinka wa yara kayan sanyi, kullum ta gaishe ni sai ta ɗan tsaya ko zan ce wani abu. Ban je wajen liman ba, domin na san abin da zai ce. Na je maƙabarta da rana, na zaga ɓangaren da ake sa yara. Ƙasa ta daɗe da shafewa, babu tudu ko ɗaya da zan nuna. Na yi addu'a a tsaye na dawo.

A rana ta huɗu na hau babur zuwa Gaya. Akawun kotun mutum ne mai barkwanci. Ya karɓi katin ya buga takarda, ya turo mini tawada.

"Baba, kawo babban yatsa."

"Biro za ka ba ni."

"A'a! Ashe da ɗan boko muke tare. To ranka ya daɗe, a karanta maka ko kai za ka karanta mana?"

"Turanci ne. Fassara mini, kuma kada ka yi sauri."

Ya fassara. Wai ni ne yayan wane ɗan wane, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma na shaida an haife shi rana kaza ga wata kaza a garin Gaya. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na bi maganar kalma bayan kalma ina neman inda ƙarya take, ban samu ba. An haifi mai wannan suna a wannan rana a wannan gari, kuma ni yayansa ne.

"Ba a rubuta inda yake yanzu?" na tambaya.

"Ina ruwan takarda da inda yake? Haihuwa kawai ta sani."

Aka shigar da ni gaban wani babba, aka ce in ɗaga hannu, na ɗaga. Sannan na kama biro na rubuta sunana. Shi ne karo na farko da na sa hannu a takardar hukuma. Sai da na fito rana na ji sanyi yana ratsa ni kamar mai shirin zazzaɓi.

Ba zan wanke kaina ba. Na san wanda mutanen Holan suke tambaya a kansa, na kuma san wanda na yi shaida a kansa. Ina neman gafarar Allah a kan wannan har yau.

Takardar ta bi ofisoshi ta sha hatimi, ta isa kafin wa'adi. Suka karɓa. Kafin kaka matarsa da yaran suka tafi. Bayan sun sauka ya turo mini hoton wasiƙar da hukumar garin ta aiko masa. Na kai wa Inna, na tarar da ita a rumfa da carbi a hannu.

"Karanta mini," ta ce.

"Yarensu ne, Inna. Suna da lambobi kawai nake ganewa."

"Sun rubuta shi?"

"Sun rubuta."

"Da gida da komai?"

"Har lambar ƙofa."

Ta gyaɗa kai. "Shekara nawa suka ba shi?"

Na ƙirga daga ranar haihuwar da ke jikin wasiƙar. "Talatin da tara."

"Ya girma," in ji Inna.

Ban tambaye ta wa take nufi ba. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kawo ta kusa da fuskarta, tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa. Tana nan a haka har hasken wayar ya mutu. Ta miƙo mini ta ce in sake kunna mata.