Kurkunu a Hannun Majemi

Har yau in aka ajiye mini taliya a kwano sai zuciyata ta tashi. Jikokina sun ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne, kurkunu ne.

A shekarun hamsin, Turawa ba su tafi ba tukuna, dattawan ikilisiyarmu a ƙasar Ƙanƙara suka tura ni wani ƙauye can bayan Daudawa, wai ni ne mai bishara. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba. In ina karanta littafi gaban jama'a, yatsana ke gaba, bakina na biye yana tuntuɓe. Amma ina da farar riga da hula, ina tafiya ina jin kaina wani babban fasto. Garin na Musulmi ne, suka ba ni ɗaki da 'yar gonar gero a gefen gari ba tare da wata fitina ba. Masu bi gida biyu ne, su ma suna tunga cikin daji, sai na taka da ƙafa nake ganinsu. Matata kuma ta tafi gidansu wankan jego.

Maƙwabcina ɗaya tak, wani tsohon majemi da nake kira Baba, shi ma wari ne ya sa aka tura shi gefe. Wanda bai zauna kusa da majema ba bai san wari ba. A jiƙa fata cikin ruwan toka, a kankare gashi da ragowar nama, a tsoma ta cikin kashin kaji, ga korayen ƙudaje sun yi dandazo. Hannun Baba baƙi ƙirin da bagaruwa, faratan duk sun cinye. In muka gaisa, sai in zagaya bayan ɗaki in goge hannuna da toka. Ashe yana gani. Wata rana ya leƙo ta kan danga ya ce, "Malamin Mishan, ka cuɗa da kyau, tsakanin yatsu shike maƙalewa."

Damina ta kankama, kowa ya duƙufa noman farko, sai wani ƙurji ya fito mini a idon sawu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe sai ga farin kan kurkunu ya leƙo. A lokacin ba mu san daga ruwan tafki ake shan abin ba. Abin da na sani, na ga mutanen da kurkunu ya tsinke musu a jiki, ƙafa ta kumbura ta ruɓe, gwiwa ta ƙage har abada. Mai bishara kuwa ƙafa ce jarinsa. In ta tafi, sai a ɗauko ni bisa jaki a mai da ni gida.

Na kwanta a ɗakin nan ba mai leƙowa. Garin wayam da rana, kowa na gona. Mugunya ta jiƙa tabarma, ƙudaje suka bar majema suka dawo wurina. Bayan gida da jan gindi nake zuwa, cikin taɓo, farar rigar nan ta koma kamar tsumman goge tukunya. Na yi ta kai ƙara wurin Ubangiji. Na ce Kai ka aiko ni, yanzu ka bar ni ni kaɗai da tsutsa. Na roƙe shi ya turo mini mutum, kuma a zuciyata har na zaɓa masa wanda zai turo: fastonmu bisa keke, da magani a kwalba.

Wata safiya haƙurina ya ƙare, na kama kan abin da yatsu zan fizge. Warin Baba ne ya fara shigowa, sannan sallamarsa. Bai jira amsa ba ya kaɗe mini hannu.

"Sake shi. In ka tsinka shi, ƙahwar nan ta tahi ke nan."

Ya durƙusa, ya ɗora ƙafata bisa cinyarsa, kan walkin jimar da ban san shekarar da ya ga ruwa ba. Ya zuba ruwa a kan gyambon, ya jira abin ya miƙo don kansa, ya tsaga tsinken kara ya maƙale kan, ya soma naɗewa a hankali. Da ya ji ya ƙi zuwa sai ya tsaya, ya shafa man shanu, ya ɗaure da tsumma. Abin da ya naɗe bai kai gaɓar yatsa ba. Na tambaye shi shi ke nan? Ya ce na yau ke nan, kurkunu ba a yi masa dole, abin da ya ba ka shi za ka karɓa.

Haka ya riƙa zuwa kowace safiya kafin ya taɓa fatunsa. Da manyan yatsun nan yake matse mugunya, tana tsartuwa. Ran nan na kasa riƙewa na yi amai gefen tabarma. Ya dube ni ya ce shi tun yana yaro yake jima, har fatar mushe ya taɓa, amma bai taɓa jin wari irin na Malamin Mishan ba. Sannan ya miƙo mini ƙoƙon kunu da matarsa ta dama, babban yatsansa tsundum a ciki. Na rufe ido na shanye. Yunwa ce, ba tawali'u ba.

Da na ɗan samu sauƙi sai wa'azi ya motsa mini. Na ce ai aikin da ya kawo ni ke nan, ga kuma mutum ya kawo kansa. Na soma ba shi labarin yadda Almasihu ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa. Labarin nan na sha ba da shi, kullum kuma ni nake hango kaina riƙe da ƙwaryar ruwa. Ban taɓa hango kaina a mai ƙazamar ƙafa ba sai ran nan, ina tsakiyar magana. Baba bai ɗago ba.

"Su waɗanda aka wanke ma, haka suka yi ta surutu suna motsa ƙahwa?"

Ni ban musulunta ba, shi ma bai bi ni ba, sallarsa bai taɓa bari ta wuce ba. Amma na gane Ubangiji ya ji ƙarata tun ranar farko. Shawarar hancina ce kawai bai nema ba.

Ran ƙarshe abin ya turje. Baba ya ce wutsiyar ce, tana da ƙugiya, nan ne yawanci ake ɓarna. Ya zauna har rana ta take, yana zuba ruwa yana shafa ƙwauri, fatunsa na can sun wuce lokacin tsamewa. Ni ina addu'a a zuci, zufa na karyo mini. Can sai na ji wani sulɓi a cikin nama, wutsiyar ta fito cif. Ya warware shi daga tsinken ya ɗaga mini, fari, siriri, ya fi hannuna tsawo, yana reto. Na kau da kai. Ya jefa shi cikin murhu.

Bayan ya fita na dafa bango na sauka ƙasa in yi godiya, ina tsoron abin da zan ji. Gwiwa ta lanƙwasa. Ina durƙushe, ban ko kai rabin addu'ar ba, na ji shi daga bakin danga.

"Malamin Mishan, tunda ta lanƙwasa, ga hauya nan na aje maka. Ciyawa ta cinye geronka."