Mai Laima, Wadda Ta Riƙe Mana Rakiya

Abin ya fara ne a makon da aka sake buɗe filin jirgin saman garinmu, bayan kullen farko na annoba. An buɗe shi bisa sharaɗi guda: mai tikiti kaɗai zai shiga. Ɗa ne ko jika ko miji, duk wanda ya zo rakiya iyakarsa ƙofar gilashi ta waje. A wannan makon ne wata ma'aikaciya, wadda ta haura shekara ashirin tana tura keken marasa ƙarfi a filin, ta sami sunan da kowa ke kiran ta da shi yanzu, Mai Laima. Ita nake so in jinjina wa.

Takan iso da motar ma'aikata bayan sallar asuba, tun kantunan cikin filin suna rufe. Sai ta ɗora rigar aiki mai ruwan ɗorawa a kan doguwar rigarta, ta ɗaura takunkumi, ta goge keken nan tsaf da man kashe ƙwayoyin cuta, sannan ta ɗauki wata doguwar laima baƙa mai mariƙin katako, ta nufi ɓangaren jiragen araha. Wannan ɓangare yana can ƙuryar ginin. Kujerunsa na roba ne, kuma ba shi da rufaffen lungun nan da ke kai fasinja har cikin jirgi. A nan mutum da ƙafarsa yake takawa, cikin rana ko ruwa, har gindin jirgi, ya kama matakala ya hau. Don haka ta sayi laimar tun asali, don ta riƙa yi wa tsofaffi inuwa.

Su waye fasinjojin wannan ɓangare? Kakar da za ta je ganin jariri, ɗan kasuwar da tafiyar mota ta fara fin ƙarfin bayansa, dattijon da aka ce ya je babban asibiti, ɗalibar da ke komawa makaranta. Kafin zuwan kamfanonin nan masu rahusa, irin waɗannan mutane daga ƙasa suke ɗaga kai su kalli jirgi. Rahusar ce ta shigo da su ciki, kuma da yawansu ba su taɓa shiga ba, ba sa karanta allo, ba su san inda ake miƙa jaka ba. A da, 'ya'yansu kan rako su har wurin bincike, su damƙa hannunsu a hannunta. Da annoba ta zo, sai aka hana 'ya'yan shiga, aka kuma hana ta riƙe hannun kowa.

Na ga yadda ta warware wannan da idona, domin mahaifiyata na cikin waɗanda ta fara rakawa. Ƙanwata ta haihu da wahala a wani gari mai nisa, an rufe hanyoyin mota, babu abin da ya rage sai jirgi. Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa hawa ba, ga ido ya yi rauni, ga kunne ya yi nauyi, takunkumi kuma ya rufe bakunan da take kallo ta gane magana. Da muka isa ƙofar, mai gadi, wani da ake kira Dogo, ya dakatar da ni cikin ladabi. Na roƙe shi, ya ce da ikonsa ne da ya bar ni. Mahaifiyata ta ƙanƙame jakarta ta ce mu koma gida, Allah zai duba yarinyar.

Sai ga wannan mata ta fito, gajera, mai faɗin kafaɗa, ba ta gaggawa. Ta tsaya nesa kaɗan ta gaishe ta da murya sama, ta nuna mata keke. Mahaifiyata ta ce ƙafafunta lafiya lau suke. Sai matar ta goge mariƙin laimar, ta miƙa mata shi, ita kuma ta riƙe tsinin.

Mahaifiyata ta dubi laimar ta dube ta. "Ni ba makauniya ba ce da za a ja ni da sanda."

"Wa ya isa, Iya?" in ji ta. "Ni ce gwiwata ke ba ni wahala. Riƙe mani, ki taimaka mani mu kai."

"To ke da kike aiki a nan kullum, ya kike yi?"

"Allah yana kawo mani irinku."

Na ga idanun mahaifiyata sun yi dariya a saman takunkumi. Ta kama mariƙin, ta ce, "Taho, 'yar nan, yaran yanzu ba ku da ƙashi." Suka shige, tsawon laima a tsakaninsu. Ban san wa ke jan wani ba, kuma na tabbata haka ta so.

Na koma wurin ajiye motoci na zauna, ba don ina jiran komai ba, sai don ban shirya komawa gida ba. Can sai na hango ta tafe tana duba fuskokin mutane. Da ta gane ni ta ce, "Malama, Iya ta hau. An tabbatar mani ta zauna kusa da taga, an ɗaure mata bel, na gaya wa yarinyar cikin jirgi ta riƙa yi mata magana ta kunnen dama. Ta ce ki tuna kin bar tukunya a kan wuta." Ban bar tukunya a kan wuta ba. Haka mahaifiyata ke korar mu idan ba ta so mu ga hawayenta. Da wannan saƙo na san lallai ta kai ta har jirgi.

Daga baya na fahimci cewa dawowar nan ita ce rabin aikinta, kuma rabin da babu wanda ya sa ta. Dogo ya gaya mani ba ta taɓa raka mutum ta bar iyalinsa a tsaye babu labari ba. Ya ce, "Ni ina hana su shiga, ita tana hana su kuka. Da ba don ita ba, da tuni an fasa mani kai a ƙofar nan." Wata ma'aikaciyar jirgi ta ce da zarar sun hango baƙar laima a gindin matakala, sun san mai zuwa yana bukatar a yi masa a hankali. Mai shayin ɗakin jira kuma ya ba ni labarin wani dattijo da za a yi wa aikin ido, wanda ya kafe a tsakiyar fili da ya ji ƙarar injin, ya ce shi fa ba zai shiga cikin abin da ke huci haka ba. Ta tsaya tare da shi, ta buɗe laimar a kansa, ta ce, "Baba, ni ma ban taɓa shiga ba, iyakata matakala. Hau ka dawo ka ba ni labari." Ya hau. Da ya dawo da idonsa garau, ya neme ta ya ce, "Ashe ke tsohuwa ce? Da muryarki na yi zaton zan kawo kayan aure." Ta ce ya makara, tun da idon ya buɗe farashi ya tashi.

Mai Laima, ke ce mai rakiyar da ba ta da dangi a jirgi, amma kowane jirgi yana tashi da naki. Ke ce kika gane cewa tsoho ya fi yarda ya taimaka a kan a taimake shi, kika mayar da wannan hanyar aiki. An hana ki miƙa hannu, sai kika ƙara wa hannun tsawo.

Yanzu ana ta magana a kan makomar filayen jiragen sama. Wasu na cewa jiragen araha ba za su tashi daga wannan faɗuwa ba, tun da ribarsu a cikar kujeru take, annoba kuwa ta ce a bar tazara. Ni ban yarda da su ba, kuma hujjata ɓangaren da Mai Laima ke aiki. Manyan ma'aikata sun koyi yin taro ta waya daga ɗakunansu, wataƙila wasunsu ba za su koma yawan tafiya ba. Amma ba a karɓar jariri ta waya, ba a jinyar uwa ta waya. Tun da aka buɗe filin, layin jiragen araha ne ya fara tsawo, alhali ɗakin hutun manyan baƙi yana kulle da ƙura a kan kujerunsa. Da yardar Allah jiragen talakawa za su dawo, kuma su za su fara cika. Abin da ban tabbata ba shi ne ko za su tarar da mutum a ƙofa.

Dalilina ga shi. Shekarun Mai Laima na ritaya sun cika a bana. Manajan ɓangaren, matashi ne mai kunya wanda sallamar ma'aikata ta ramar da shi, ya kira ta ofishinsa. Ita ta ba ni labarin, shi kuma bai musa ba. Ya nuna mata sabon tsarin da ake shirin kawowa: na'urori a jere, fasinja ya nuna wayarsa ƙofa ta buɗe, babu taɓa takarda, babu taɓa mutum. Mai bukatar taimako sai ya nema ta waya tun kafin ranar tafiya.

"Inna, ba zan ɓoye maki ba," in ji shi. "Ranar da kika ajiye, aikin ma an ajiye shi. An hana ni ɗaukar kowa. Abin da ke hannuna shi ne in ƙara maki lokaci, idan kina so."

"Ranka ya daɗe, na'urar nan tana komawa wurin motoci ta ce Iya ta hau?"

Ya yi dariya, ya ce ba a ƙera irin wannan ba tukuna. Ya yi alkawarin zai kai maganar sama, ko za a bar gurbin. Har yau ba a ba shi amsa ba. Ban zarge shi ba, ban kuma zargi na'ura ba. Kamfanonin nan da tsimi suke rayuwa, tsimin ne ya sa mahaifiyata ta iya hawa jirgi. Sai dai wanda aka yi rahusar dominsa shi ne wanda bai san yadda ake neman taimako ta waya ba.

A gida kuma wata maganar ce ke jiran ta. Tana da ciwon asma, kuma babbar 'yarta, wadda ke aikin jinya, ta ga abin da cutar nan ke yi wa masu irin ƙirjinta. Ina zaune a falonsu ranar da na je neman izinin rubuta wannan, 'yar ta ce, "Umma, kin raka iyayen mutane ya isa. Mu ma muna da uwa, kuma guda ɗaya ce."

"An yi mani riga-kafi, da hannunki ma kika kai ni."

"Riga-kafi ba sulke ba ne. Ni nake ganin masu numfashi da tukunyar iska."

"Na sani, Uwata," in ji ta, domin sunan mahaifiyarta 'yar ta ci. "Ki bar ni in yi tunani."

'Yar ta juya gare ni ta ce, "Anti, ki rubuta da kyau, ki yabe ta sosai, ko ta ji an gode mata ta zauna a gida." Mun yi dariya, amma ba wasa take yi ba, kuma gaskiya ce a bakinta. Da wannan niyya na fara rubutun nan, a matsayin sallama ga wadda za ta huta a ƙarshen wata. Abokan aikinta har sun fara shirya ɗan taron ban kwana.

Don haka, Inna, ga godiyarmu. Mun gode a madadin duk wanda ya tsaya a bayan gilashi yana kallon bayan mahaifiyarsa, a madadin ƙanwata da ta buɗe ido ta ga uwa a bakin gadonta, da jaririn da yanzu yake tafiya da ƙafarsa. Allah da ya ga kowane taku naki a kan kwaltar nan mai zafi, Ya saka maki da inuwar da ta fi ta laima, Ya kiyaye maki numfashinki.

Ga masu tsara filayen gobe kuma, ku kawo na'urorinku, muna maraba da duk abin da zai rage layi ya rage cuta. Amma ku bar mutum ɗaya a ƙofa, mai ƙafa da murya, wanda zai kai ya kuma dawo. Ga sauranmu, a asibiti muke aiki ko a banki ko a makaranta, kowa yana da ƙofar da doka ta ce ya tsare, kuma kowa yana da abin da zai iya miƙawa ta cikinta. Mu nemi namu, mu kuma koyi cewa "riƙe mani" a inda muka saba cewa "bari in riƙe ka".

Jiya na koma filin don in karanta mata abin da na rubuta kafin ya fita. Na same ta a ƙofar waje, da takunkumi biyu a fuskarta, tana goge mariƙin laima. Wata tsohuwa na tsaye a gefe riƙe da jakar leda, ɗanta yana ta roƙon Dogo. Mai Laima ta saurare ni har na kai wurin ban kwana, sannan ta ce in gyara wannan wurin.

"Mun yi magana da Uwata," in ji ta. "Ta ce takunkumi biyu, kuma ranar da na yi tari sau ɗaya ita za ta zo ta ɗauke ni da kanta. Na yarda. Rakiyar tsofaffin nan ta 'ya'yansu ce, riƙo aka ba ni. Na gaya wa manaja ya ƙara mani lokacin. Ba zan ajiye ba sai an buɗe ƙofar nan."

Ta juya ta miƙa wa tsohuwar mariƙin.