Ranar da Sukarin Baba Ya Sauka a Cikin Kogo

Shekarar da Baba ya zo mana Silver Spring a Amurka ganin likitan ido, zaman gida ya ishe shi. Wata Asabar na ɗauke shi zuwa ƙauyen Virginia, mu ga wani kogo da hukuma ke kula da shi.

A bakin ƙofa aka ce ba a shiga da abinci, ba a kuma taɓa duwatsun. Na mayar da jakata mota, har da dabinon da nake riƙe wa Baba saboda ciwon sukari. A raina na ce ai awa ɗaya ce.

Muka gangara matakala, mu wajen ashirin, wata Baturiya tana mana jagora. Farin dutse ya zubo daga sama kamar narkakken kyandir, ruwa na ɗiga. Baba sai tasbihi yake.

Mun yi nisa na ga tafiyarsa ta canza. Na kama hannunsa, na ji shi sharkaf da gumi, alhali wurin sanyi ne.

"Baba, lafiya?"

"Ba komai, uwata. Mu je." Harshensa ya yi nauyi.

Nan take na gane sukarinsa ne ya sauka. Ya yi allurarsa da safe, kuma shayi kawai ya sha. Na zaunar da shi a ƙasa, na ɗaga murya da Turanci ina tambayar wa ke da alawa. Kowa ya shiga lalube aljihu. Babu. Jagorar ta yi magana a 'yar rediyonta, aka ce ma'aikata na tafe, amma da nisa.

Idanun Baba suka fara lumshewa.

"Baba, dube ni! Kada ka rufe ido!"

Sai ga wani dattijo daga can baya yana ture mutane, da kwalbar ƙwayoyin ɗaga sukari a hannu. Ashe shi ma ciwon ke gare shi. Na sa wa Baba a baki ɗaya bayan ɗaya, ina roƙonsa ya tauna.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can ya buɗe ido sosai, ya dubi mutanen da suka kewaye mu, ya gyara hularsa.

A keken guragu ma'aikata suka kai shi gindin matakala, ya hau da ƙafarsa a hankali. Muna shiga mota ya ce, "Kada ki gaya wa mamarki. Za ta ce in dawo gida."