Ruwan da Iya ta sha a gabansu

Yau da safe surukar marigayiya Iya, uwar ɗakina, ta tare ni a bakin zaure, ta ce kada in ƙara zuwa aikin ƙuli-ƙuli, wai masu saye na ƙyamar hannun mai farfaɗiya. Shekara uku ina matsar mai a gidan nan na Runka, sai yau hannuna ya zama ƙazanta?

Da tsohuwar na raye, wa ya isa? Ranar da na fara faɗuwa wurin aiki, matan suka watse, wai kada yawuna ya taɓa su. Da na dawo hayyacina, sai na ji kaina bisa cinyarta, zaninta na ƙamshin gyaɗa da hayaƙi. Ta ba ni ruwa a moɗa, ta shanye ragowar a gabansu.

"To, na sha. Ku tsaya ku ga faɗuwata, matsorata!" Ta juyo gare ni. "Ke 'yar nan, daga yau ba ke ba bakin murhu. Matsa ce aikinki."

Yanzu ga goyo, ga maganina saura na kwana huɗu. Allah Ya haskaka kabarinki, Iya, Ya haɗa ni da mai zuciya irin taki kafin maganin ya ƙare.