Gawar da Ta Je Katsina Ban Gajiya

Kano, kafin gari ya waye

Ana jibi Babbar Sallah, ana idar da sallar asuba, na rataya jakata na nufi tashar Ƙofar Ruwa. An yi yayyafi kafin asubar, ƙasa tana ƙamshi, fitilun masu shayi suna rawa a cikin ruwan da ya kwanta a kwalta. Gida na nufa, Katsina, amma ba da zumuɗin mai zuwa Sallah ba. Fiye da wata guda ke nan Inna, mahaifiyata, ba ta amsa gaisuwata ba.

Ga yadda aka yi. Sana'ata riƙe fitila a wurin ɗaukar fim. Bana darektanmu ya shirya fim na Sallah, barkwanci ne amma mai ɗaci. Ɓarayi uku sun saci ragon layya, suka naɗe shi a makara don su wuce shingen 'yan sanda, sai aka yi musu musanye a ƙofar masallaci, suka wayi gari ranar Sallah da gawar mutumin da ba su taɓa gani ba. Wanda aka ba matsayin gawar ya ce shi kam a kai kasuwa. Darekta ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Lawal, kai da ba ka da yawan motsi fa?" Ni kuwa da na gaji da haska fuskokin mutane tawa tana cikin duhu, na ce na yarda.

Ranar da aka naɗe ni a likkafani aka cusa mini auduga a hanci, wani abokin aikina ya ɗauki hotona ya watsa, ya rubuta a ƙasa, Allah ya jiƙan Lawal. A Kano aka yi dariya. Hoton ya isa Katsina, dariyar ba ta bi shi ba. Aka yi ta kiran wayata tana kashe, don gawa ba ta amsa waya. Kafin in kunna da la'asar, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, mata sun cika tsakar gida. Tun daga ranar, in na kira ƙanwata Rabi ta kai wa Inna wayar, ba na jin komai sai kukan tantabarun gidanmu.

Bichi zuwa Tsanyawa

Bakwai saura muka tashi. Kuɗin mota ya hau saboda Sallah, kowa ya yi ƙunƙuni ya biya. A gaba akwai wani dattijo mai farin gilashi, kusa da ni kuma wata Hajiya mai sayar da atamfa a Katsina, ta saro kaya. Mun wuce Bichi ke nan ta ciro waya ta kunna kallo. Tun daga kiɗan farko na gane fim ɗinmu ne da aka saki kwanan baya.

Direba ya ce, "Hajiya, na ɓarayin ragon nan ne? Kai! Wurin da suka wasa wuƙa suka buɗe suka ga ƙafar mutum, wallahi sai da cikina ya ƙulle."

Dattijon ya juyo. "Dariyar mi? Mutuwa ce abin wasa? Shi wanda ya kwanta cikin likkafanin nan, ba shi da uwa ne?"

Na mayar da fuskata taga.

"Ni dai, Alhaji, na yi dariya har da hawaye," in ji Hajiya, "na koma na yi istigifari, na sake kallo. Amma ka duba, duk fim ɗin nan gawar ce kaɗai ba ta yi ƙarya ba, ba ta ci haƙƙin kowa ba. Har tausayi ta ba ni. Ana ta cin nama gari guda, shi ba wanda ya zo nemanshi."

"Gyaran hali ake so fim ya yi."

"Ai ya gyara," in ji direba. "Ni yanzu ko akuya na gani a hanya sai na yi mata sallama."

Suka ci gaba, ni kuwa sai muryoyinsu suka fara yi mini nisa. Damina ta fara sauka, gero ya leƙo a kunya-kunya, manyan motoci cike da raguna suna wuce mu, ragunan suna kallon sama kamar an ba su labari. Haka na ji a ranar ɗaukar fim ɗin. Hasken fitilar da na saba riƙewa yana ratso farin yadi, mutane suna magana a kaina, suna cewa a ɗaga shi, a ajiye shi, ba mai tambayata. Ban ji tsoro ba a lokacin. Wani irin sanyi na ji, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ina cikin wannan tunani barci ya ɗauke ni.

Gidan Mutum Ɗaya

Salatin Hajiya ne ya tashe ni. Na buɗe ido na ga mota a tsaye a shingen bincike, ɗan sanda ya leƙo ta taga, kowa na cikin motar ya zuba mini ido. Ashe na jingina kai baya, baki a ɗan buɗe, hannuwa a miƙe.

"Shi ne! Wallahi gawar nan ce!"

Ɗan sandan ya ce, "Malam, ɗan sake rufe idon." Na rufe. Ya tuntsire da dariya, ya kira abokin aikinsa, ya ce shi abin da bai so ba a fim ɗin, an nuna ragon ya wuce shinge ba a bincika ba. Ya buga bayan mota ya ce mu tafi, Allah ya kai mamaci gida lafiya.

Mun tsaya shan fura a gaba kaɗan. Hajiya ta hana ni biya, ta ce sadaka ce. Sai da muka wuce Kankiya dattijon ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, "Yaro, mahaifiyarka tana da rai?"

Na ce, "Tana nan, Alhaji."

"To, ka san abin da ke gabanka."

Ƙofar 'Yandaka

Wajen sha ɗaya muka shiga Katsina. Na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa unguwarmu. Yara suna jan raguna a lungu, teloli sun fito da kekunansu bakin shago. Komai yana nan yadda na bar shi, amma sai nake ganinsa kamar ta bayan farin yadi.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, Rabi tana daka yaji. Na durƙusa na gaishe ta. Ni ne ɗan fari, don haka tun tasowata Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta amsa gaisuwa ta sa albarka. Yau ko wannan babu. Ta ɗauke wata tsakuwa ta jefar, ta dubi Rabi.

"Ki hwaɗa ma wancan, mutane sun baro sana'arsu sun zo sun zauna ƙofar gidan nan. Ba wanda ya bi su ban gajiya. Tunda mai abin ya zo, ya tahi ya yi da kanshi."

Haka al'adarmu take, in an tashi daga zaman makoki, 'yan gida kan bi waɗanda suka zo a yi musu ban gajiya. Ban dai taɓa jin inda mamacin ya je da ƙafarsa ba. Ko ruwa ban sha ba na fita.

Na fara da maƙwabta. In na yi sallama na ce na zo ban gajiya, wasu su yi dariya, wasu su ɗaure fuska, amma kowa sai ya ba ni ra'ayinsa. Limamin unguwa ya ce bai kalla ba, ba kuma zai kalla ba, sai dai an ce masa sahun sallar gawar a karkace yake. Mai wanki ya ce ƙarshen bai yi masa ba, ya kamata a ce ragon ya rama.

Babbar Kasuwa

Bayan azahar na ratsa layin masu hatsi na isa rumfar Alhaji Mamman mai yadi, aminin marigayi mahaifinmu. Muka gaisa, gida, aiki, gajiya, damina, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya ciro wani farin yadi a ninke.

"Ina jin labari na yanka maka wannan. Mai kyau ne, ba irin wanda suka naɗe ka da shi ba. Na kalli fim ɗin naku, ɓarayin sun cika surutu, kuma an cuce ka a yadi." Ya shafa shi. "Za ka tahi da shi, ko in aje?"

"A ajiye, Baba."

"Ai ba ya lalacewa."

Na yi dariya, na yi masa sallama na fito. Hayaniyar kasuwa ta koma kamar ana yin ta a ƙarƙashin ruwa. Na tsaya ina kallon masu auna gero, ina tunanin da abin gaskiya ne, da yanzu haka za su ci gaba da awonsu.

Ƙofar Guga

Gida na ƙarshe shi ne na Gwaggo Hajara, yayar mahaifinmu. Idonta ya yi rauni, sai da ta shafa fuskata, ta ja mini kunne har ya yi zafi, sannan ta yarda ni ne. Ta ce jikoki sun ba ta labarin fim ɗin, ita ragon kaɗai ta tausaya wa.

Na ce, "Gwaggo, ki sa baki. Na ba Inna haƙuri ya fi a ƙirga. Kayan wasa ne fa, ba wani abu ba."

"Kai ka ɗauka farin ƙyallen ne ya ɓata mata rai?" Ta girgiza kai. "Tun da ta haihe ka, ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Ranar nan ina wurin. Ta hito tsakar gida ba ɗankwali, tana Lawal, Lawal, gaban surukanta, gaban yaran da ta goya. Abin da ta ɓoye tun kana zanen goyo ta zazzage shi gaban jama'a, sai ga shi wai wasa ne. Da wane ido za ta dube ka?"

Duk tsawon rayuwata ina ɗan jin haushin wannan kunyar ta Inna, ina ganin ƙannena sun fi ni gata. Ashe an kira sunana sau ɗaya da dukan murya, ni kuma ina can kwance da auduga a hanci, ban ji ba. Na yi kuka a ɗakin Gwaggo, ba ta hana ni ba.

Gida

Rana ta yi sanyi na komo. Hadari ya taso ta gabas, tantabaru suna shiga ɗakinsu. Inna tana bakin murhu. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, na zagaya. Kowa ya ce a gaishe ki."

Ta gyara itace. Ta daɗe tana gyara shi. Can ta ce, "Rabi, ki hwaɗa ma ɗan fim ɗin nan bai iya ba."

Rabi ta dube ni, ta dube ta.

"Wurin da ɓarayin suka aje makara gindin bishiya suna gardama, ƙirjinshi ya ɗaga. Har sau biyu. Wace irin gawa ce ke lumfashi?"

"Inna, ni ban gani ba," in ji Rabi.

"Ke mi kike gani? Dariya kike."

Darekta ya bi fim ɗin nan hoto-hoto a babban allo bai ga wannan ba. Duk waɗanda suka ba ni ra'ayi tun daga Bichi har kasuwa, ba wanda ya gani. Rabi ta matso ta raɗa mini cewa kullum bayan la'asar Inna sai ta ce a kawo waya a kunna mata fim ɗin daidai wurin bishiyar nan. Nan kaɗai take kallo, in ya wuce ta ce a mayar.

"Ki zuba mashi tuwo," in ji Inna, tana duban tukunya. "Ya sha rana. Allah shi yi albarka."

Nan tafiyata ta ƙare. Na gode wa Allah da ya kawo ni gida da ƙafafuna, na gode wa duk wanda ya bar sana'arsa ya zauna a tabarmar ƙofar gidanmu domina. Na zauna na ci tuwon a hankali, ina jan numfashi sosai, don na san daga inda take zaune tana gani.