Ishaya Bai Faɗi A Matakala Ba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Ishaya. Duk shekara idan watan nan ya kama nakan buɗe kwamfuta da niyyar rubuta wani abu a kansa, in rubuta sunansa, in zuba masa ido, sai in rufe. Ba abin faɗa na rasa ba. Abin faɗar ne ba na son a ji. Bana kuwa an kai ni bango.

Ga wanda bai san shi ba, Ishaya ɗan Pankshin ne, dogo, siriri, mai dariyar da ake jiyowa tun daga ƙasan bene. Ya zo Kuala Lumpur digirin farko lokacin ina fama da na uku, jami'armu ɗaya a Lembah Pantai. Na ba shi shekara goma da 'yan kai, shi ya sa yake ce mini Yaya Tukur. Ni Bazazzagi, shi ɗan Filato, ni masallaci shi coci, amma ranar da na tuƙa tuwo a ɗakina na Pantai Dalam shi ne na farkon zuwa, shi ne kuma mai kankare tukunya.

Allah ya ba Ishaya ƙafa. Gudun mita ɗari takwas yake yi wa jami'a, saboda gudun ne ma aka ɗauke masa rabin kuɗin makaranta. Kocinsu wata 'yar Malay ce gajeriya da ba ta da wasa, Koci Salma. Da ta ji labarin yana taɓa ƙwallo, sai ta sa ya sa hannu a takarda cewa ya bari. Ni kuma a lokacin ni ne kocin ƙungiyar ƙwallon ɗaliban Najeriya. Ba wanda ya naɗa ni, usur kawai gare ni da babbar murya.

Mun kai wasan ƙarshe na kofin ɗalibai baƙi, za mu kara da 'yan Sudan, ga ɗan wasanmu na gefe ya tafi gida. Sai na tare Ishaya bayan la'asar a mamak, irin shagon shayi da abincin nan na Indiyawa inda muke taruwa. Da gangan na bari sai da teburi ya cika sannan na yi maganar.

Ya ce, "Yaya, saura sati uku tseren jami'o'i. Kuma ka san na sa hannu."

Na ce, "Haba Ishaya! Minti ashirin kacal. Ko ka zama ɗan Malay ne ba mu sani ba? Kana gari 'yan Sudan su yi mana dariya?"

Aka kwashe da dariya, har da masu buga teburi. Ya daɗe yana juya cokali a kofin shayinsa, sannan ya ce, "Boleh, Yaya," wato ya yarda. Na san tarbiyyarsa, na san ba zai iya ce wa babba a'a a gaban mutane ba. Karar da yake yi mini ita na kama na ja shi da ita, kuma ina sane.

Ranar wasan an sha ruwa, fili duk taɓo. Ko minti ashirin ɗin bai cika ba. Suka yi kan ƙwallo shi da mai tsaron bayan 'yan Sudan, wanda wallahi ba mugunta ya nufa ba, takalminsa ya sauka a ƙwaurin Ishaya, ƙafar ta kafe a taɓo, jiki kuma ya juya. Bai yi ihu ba. Da na iso kansa sai ya ce, "Yaya, wani abu ya yi ƙara a gwiwata."

Da a nan laifina ya tsaya, da na daɗe da rubuta wannan. Asibitin jami'a tafiyar minti goma ce daga filin. Amma idan muka je za a sanar da Koci Salma, za a tambayi wanda ya sa shi wasa, sunana zai fito. Sai na ce targaɗe ne kawai. Kakana mai ɗori ne a Zariya, na sha ganin yana gyaran targaɗe, ni da shegen kambama kai na ɗauka abin a jini yake. Na kai shi ɗakina, na tafasa ruwa na gasa gwiwar da tawul, na mulke ta da man zafi, na sa mutum biyu suka danne shi na ja ƙafar na murɗa. Ya ciji matashin kai har ya huda shi. Na ce ya riƙa taka ta kar ta sage. Kwana tara ina wannan aika-aika, gwiwa tana ƙara hawa kamar ƙullin fanke.

Labarin da muka ba duniya ma ni na tsara shi: wai santsi ya ɗebe shi a matakalar tashar jirgin ƙasa. Har tashar ni na zaɓa.

Da dai abin ya faskara muka je asibiti, aka ɗauki hoto. Likita ya ce jijiya ta tsinke tun ranar farko, amma guringuntsin da ya yage, ja da takawa ne suka ƙarasa shi. Ya tambaya a fusace wane ne ya gasa wannan gwiwa da ruwan zafi maimakon ƙanƙara. Ishaya ya ce, "Ni ne, likita." Ina tsaye a gefen gadon, riƙe da ledar abincin da na sayo masa, na bar shi ya ɗauki laifina. Koci Salma ta zo, ta dubi shatin ƙusoshin takalmi a ƙwaurinsa, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Matakalar nan takalmin ƙwallo take sawa?" Duk da haka matakala ta rubuta a rahotonta, don kar a janye masa tallafin karatu. Har yau idan na hango ta a harabar jami'a sai in canja hanya, ni da furfurata.

An yi tiyata, amma Ishaya bai sake tsere ba. Ya gama karatu ya koma gida yana koyar da motsa jiki a wata sakandare, yana ɗan ɗingishi. Bayan shekara huɗu haɗarin mota ya ɗauke shi a hanyar Jos. Ba gwiwa ce ta kashe shi ba, ba zan ɗora wa kaina abin da yake na Allah ba. Amma shekara huɗun nan da suka rage masa, a bakin fili ya yi su yana riƙe wa wasu agogo.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai fara da tumbina, sannan 'ya'yana da nake yi wa Hausa suna amsa mini da Malayanci. Zai yi dariya idan ya ga ƙungiyarmu yanzu ba ta fita wasa sai da kular ƙanƙara, kuma ba wanda ya san dalilin da ya sa Dakta Tukur ya kafe a kan wannan doka. Ban jin zai zagi ƙwallo, don ya fi son ta a kan gudu. Sau ɗaya tak ya taɓa zancen, ana gobe zai tafi gida. Ya ce, "Yaya, a gudu in na ji ciwo ni na ji wa kaina. A ƙwallo ƙafata tana hannun mutum ashirin da ɗaya." Ya yi dariya. Bai ƙirga da ni ba.

Mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, duk Kirsimeti sai ta kira ni ta sa mini albarka. "Ɗana Tukur" take ce mini, wanda ya yi jinyar ɗanta a baƙuwar ƙasa. Ta sha aiko mini da acca, ni kuma na ci. Makon jiya ta kira a kan autanta Dauda, wanda yanzu yake jami'a a gida. Ya gado ƙafar yayansa, yana gudu yana ƙwallo, an ce ya zaɓi ɗaya. Ta ce, "Ni dai na ce ya kama ƙwallon. Gudu bai tsinana wa Ishaya komai ba, ƙwallo kuwa ba ta taɓa cutar mana da kowa ba. Kai me ka gani?"

Ƙaryata ce ta yi shekara goma sha ɗaya tana kwance, yau ta tashi za ta zaɓa wa wani ɗan nata hanya.

Idan ta ni ce, ɗalibin da karatunsa ke rataye a ƙafarsa ya riƙe gudu. Masu gudu ma suna jin ciwo, amma ba wanda ke zuwa musu da ƙusoshi daga gefe. Wanda kuma zuciyarsa ke wajen ƙwallo ya yi ta da idonsa a buɗe, don yana so, ba don wani babba mai usur ya kunyata shi a teburin shayi ba. In kuwa gwiwa ta yi ƙara, a nufi asibiti, ko sunan wa zai ɓaci.

Ishaya bai bar kofi ko lambar yabo ba. Abin da ya bari shi ne rufin asirin da ya yi mini har kabari, ni kuma na shige ciki na miƙe ƙafa. Wannan alheri nasa ne, ba zai goge ba, amma bai kamata Dauda ya biya shi da gwiwarsa ba.

Jiya na kira Mama na faɗa mata komai, daga teburin shayi har ruwan zafi. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Da kana jan ƙafar, ya yi kuka?"

Na ce a'a, matashi ya ciza.

Ta ce, "Haka yake tun yana ƙarami." Ta ja numfashi. "Zan sa Dauda ya kira ka, ka faɗa masa da bakinka. Sai an jima, Malam Tukur."

Tun da na san ta ba ta taɓa ce mini Malam ba.